Sunan Da Ba A Gani Cikin Jeri Ba

Ranar da ya fara ganinta, tsaye take a ƙofar ɗakin sabobi. Sau huɗu tana ɗora katinta a kan na'urar ƙofar, ƙofar ta ƙi buɗewa.

"Sabuwa ce ke ko?" ya tambaya daga bayanta.

Ta juyo. Wani dogon saurayi ne sanye da suwaita ruwan toka, duk da zafin da ake zabgawa a waje.

"Kwanana uku," ta ce. "Har yau ƙofar nan ba ta yarda ni ma'aikaciya ce ba."

"Ki gode Allah. Ni sai da na yi wata guda tana yi mini kallon ɓarawo."

Ya karɓi katin da hannun hagu, ya goga shi a jikin suwaitarsa, ya ɗora. Ƙofa ta buɗe. A ofishin kowa Bahago yake ce masa, har ta kai in an kira sunansa na gaskiya ba ya waiwayowa.

Sanyi ya dake ta tun daga bakin ƙofa. Dogayen akwatuna baƙaƙe ne jere, kowanne cike da sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan mutane. Ƙananan fitilu kore suna ta ƙiftawa, fankoki na gurnani ba hutu. Aikin kamfanin kenan, kula da sabobin wasu: shaguna, wata makaranta, wani kamfanin sufuri, da wata cibiyar wankin ƙoda.

Yana lissafa mata su, da ya ambaci cibiyar sai ta juyo.

"Can Abbana yake zuwa," ta ce. "Litinin, Laraba da Juma'a."

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce a hankali. Ya cire suwaitar ya miƙa mata. Ta ƙi karɓa. Bayan minti goma, haƙoranta na haɗuwa, ta miƙo hannu ba tare da ta kalle shi ba.

A sati na biyu ta same shi ya dafe kai a gaban laftof. Awa biyu yana fama da wani fayil da ya ƙi aiki. Ta leƙa ta kafaɗarsa, ta sa yatsa a kan allon.

"Waƙafi ka manta a nan."

Ya sa waƙafin. Komai ya tashi. Ya juyo yana kallonta kamar wanda aka yi wa sihiri.

"Gadon gida ne," ta ce. "Shekara talatin Abbana ya yi yana gyaran rubutu a maɗaba'a. Ko takardar aike muka rubuta masa sai ya dawo mana da ita da jan biro."

Daga ranar ta zama Waƙafi a bakinsa. A gida kuwa Auta ake ce mata, don ita ce ƙarama, kuma ita kaɗai ta rage a gaban iyayenta.

So bai yi musu sallama ba. Sun dai wayi gari shayin safe ba ya shiga sai sun sha tare a bakin tagar bene na uku, suna kallon motoci. In ta makara, sai saƙonsa ya shigo:

"Waƙafina, shayinki ya huce, ni ma na huce. Ina kika tsaya?"

Ita kuma ta mayar:

"Ina bas, Bahagona. Direban nan da kunkuru ya yi makaranta. Ka shanye, ka haɗa mini wani."

Bayan wata takwas ya je gaishe da Abba. Tsohon na kishingiɗe a falo, ƙafafunsa a kumbure bisa matashi. Ya daɗe yana duban saurayin ta saman gilashinsa.

"Me kake yi a wurin aikin?"

"Ina kula da sabobi, Baba."

"Kana kuskure?"

"Ina yi, Baba. Ita ke kamawa."

Abba ya yi ɗan murmushi, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike. Umma kuwa tun a ranar ta ce wa Auta yaron ya kwanta mata, sai dai ya cika rama.

Akwai wani aiki da Auta ta rubuta wa kamfanin, wanda aka yi ta yabonta a kai. A da, duk ranar Litinin sai mutum ya bi sabobin gwaji ɗaya bayan ɗaya yana sharewa yana sake tsara su, ya ci rabin yini. Ita ta rubuta umarnin da ke yin wannan shi kaɗai da ƙarfe bakwai na safe. Kafin ya taɓa kowace saba, layi ɗaya yake bi: ya duba ko sunanta na cikin wani jeri da suke kira jerin kar-a-taɓa. In yana ciki, ya wuce ta. In babu, ya share. Sunaye goma sha biyu ne a jerin, a jere ɗaya ƙarƙashin ɗaya, har da sabar cibiyar ƙoda.

Da abokan hulɗa suka ƙaru, jerin ya yi tsawo ya rikice. Shugaban sashensu, wanda suke kira Oga, ya ba Bahago aikin gyara shi. Bahago ya kasa shi gida-gida: a sama sunan kowane abokin hulɗa, a ƙarƙashinsa ƙaramin jerin sabobinsa. Jeri ya koma jeri cikin jeri.

Ranar Alhamis ya gama. Ba ta ofis a ranar, ta fita wani aiki, sai ya tura mata saƙo:

"Sanyin idona, kujerarki babu kowa yau, har ɗakin sabobi ya ƙara sanyi. Af, na sauya tsarin jerin kar-a-taɓa, yanzu sunayen suna ciki-ciki ƙarƙashin kowane kamfani. Ki gyara layinki kafin Litinin, don sama kawai yake dubawa. Kin ci abinci kuwa?"

Ta amsa masa tana tsallaka titi:

"To masoyi, gobe zan duba. Ban ci ba, kai nake jira."

Ba a yi minti biyar ba Umma ta kira tana kuka, Abba ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki. Juma'a da Asabar da Lahadi duk tsakanin gida da asibiti ta yi su. Abba ya farfaɗo, aka sallame shi, likita ya ja musu kunne cewa wankin Litinin ko da minti ɗaya kada a makara. Saƙon Alhamis ya nutse ƙarƙashin saƙonnin jaje fiye da ɗari. Bahago ma yana ta zirga-zirgar kai musu magani, bai ga fuskar da zai yi mata zancen aiki ba. Ya ɗauka ta gyara, tunda ba ta taɓa cewa za ta yi abu ta bari ba.

Litinin da ƙarfe bakwai, umarnin ya tashi kamar kullum. Ya zo kan sabar cibiyar ƙoda, ya tambaya ko sunanta na cikin jeri. Ya duba sama, ya ga sunayen kamfanoni kawai. Bai leƙa ƙarƙashinsu ba, don ba a ce masa ya leƙa ba. Bai yi ƙorafi ba, bai nuna jan rubutu ba. Ya ce babu, ya share.

Saba goma sha ɗaya ya share kafin Bahago ya shigo ofis ya tsayar da shi.

A lokacin Auta na zaune da Abba a ɗakin jira na cibiyar. Ta ga nas-nas suna kai da kawo, ta ga babbar nas ta tsaya gaban kwamfuta ta ɗora hannu a ka. Jadawalin marasa lafiya, nauyin kowa, adadin ruwan da za a cire masa, magungunansa, sakamakon gwajin jininsa, babu ko ɗaya. Likita ya ce ba zai ɗora kowa kan inji da ka ba. Aka fara sake gwaje-gwaje da hannu, aka ɗauki waɗanda suka fi jigata, sauran aka ce su koma gida sai an kira su.

Abba na cikin waɗanda aka mayar. Haka ma abokinsa, wani tsohon direban tirela da kujerarsa ke kusa da ta Abba shekara biyu, suna ta musun ƙwallo da siyasa ana wanke musu jini.

Kwana biyu aka yi kafin a dawo da bayanan daga kwafin ajiya. Ranar Talata da rana numfashin Abba ya fara sarƙewa, ruwa ya taru masa a ƙirji. Kwana tara ya yi a ɗakin kulawa ta musamman. Tsohon direban kuwa ranar Laraba da safe Allah ya yi masa rasuwa. Likitoci suka ce dama zuciyarsa ta yi rauni, ba wanda zai iya rantsewa cewa jinkirin ne. Ba kuma wanda zai iya rantsewa ba shi ba ne.

Ranar da aka zauna mitin a kamfani, Auta na gefen gadon Abba. Da manyan suka tambayi yadda aka yi, Bahago ya miƙe.

"Ni na sauya jerin," ya ce. "Ban sanar da kowa ba."

Kafin la'asar an karɓi katinsa.

Daga ofis asibiti ya wuce. A dogon baranda mai warin magani suka haɗu. Oga ya riga ya kira ta ya faɗa mata komai. Idanunta sun yi jawur.

"Saƙo ɗaya!" ta ce. "Saƙo ɗaya za ka turo mini! Kullum kana rubuto mini zancen shayi, amma abin da ran mahaifina ya rataya a kai ka kasa?"

Ya buɗe baki. Ya dubi fuskarta da kyau, ya ga babu ƙarya a cikinta ko kaɗan. Da gaske ta manta. Ta gilashin ƙofa yana hango Abba da roba a hanci.

Ya rufe bakinsa.

"Ki yi haƙuri," ya ce.

"Abin da za ka ce kenan?"

"Shi kenan, Waƙafi."

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan."

Ya ajiye ledar lemun da ya kawo a kan benci, ya juya. Tana kallonsa har ya sha kwana, bai waiwayo ba.

Da Abba ya dawo gida, ya ji labarin rasuwar abokinsa. A rana ta uku ya kira Auta.

"Yaron nan," ya ce, "na yafe masa nawa. Amma wanda zai taɓa abin da rayukan mutane ke kai, ya kasa buɗe baki ya faɗa, ba zan ɗauki 'yata in ba shi ba. Kin ji ni?"

"Na ji, Abba."

Ta koma aiki. Gyaran layin bai ɗauke ta minti goma ba. Ta sa umarnin ya riƙa zazzage ƙananan jerin duka wuri ɗaya kafin ya nemi suna, in kuma ya ga tsarin da bai gane ba, ya tsaya cak ya kira mutum. Da ta gama ta zauna tana kallon agogon kwamfuta. Minti goma. Ta shiga banɗaki ta kulle, ta yi kuka har aka ƙwanƙwasa mata.

Ta daina zuwa bakin taga. Shayi ma a teburinta take sha, in ta tuna.

Oga bai ɓata lokaci ba. Mutum ne mai tsafta da iya magana, bai taɓa aure ba. Shi ya riƙa rage mata aiki ranakun asibiti, yana aiko mota ta kai Abba. Ranar Asabar ya zo da kayan dubiya ya zauna ya yi ta hira da tsohon. Bayan wata uku ya faɗi abin da ke ransa, aurenta yake so. Abba ya ce bai ga aibu ba. Umma ta same ta a kicin.

"Auta, ba a cewa dole. Amma kuka ba ya dawo da abin da ya zube. Ki ba mutumin nan amsa, ki kuma share wancan daga wayarki. Ina ganinki kina karantawa."

Washegari a cikin bas, ta buɗe saƙonnin Bahago don ta goge. Ta kasa goge su gaba ɗaya, sai ta riƙa bi ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa, tana karantawa tana sharewa. Na jajen Abba. Na magani. Na Asabar. Na Juma'a.

Sai ta zo kan na Alhamis.

Ta karanta sau uku. A ƙarƙashinsa ga nata: "To masoyi, gobe zan duba."

Bas ta wuce tasharta, ta wuce ta gaba, ba ta sani ba. Sai da direba ya kashe mota ya ce, "Baiwar Allah, nan ne ƙarshe," sannan ta sauko, ta zauna a kan dakalin wani shago.

Da ta isa ofis, kai tsaye ta shiga wurin Oga ta ajiye masa wayar a tebur. Ya karanta, bai yi mamaki ba.

"Na sani," ya ce. "A rajistar aiki ya rubuta cewa ya sanar da ke. Na gani tun ranar."

"Ka gani, ka bari aka kore shi?"

"Shi ya zaɓa. An rufe maganar. Ki yi tunani, inshorar aikin nan ce ke riƙe da jinyar Baba. Me za ki samu in kin tono?"

"Kuma da wannan a cikinka ka zo gidanmu ka zauna kana shan ruwanmu?"

Ya sunkuyar da kai. "Ina sonki ne."

"Na gode, Oga. Amsar da kake jira, a'a ce."

Ta zauna ta rubuta wa manyan kamfanin komai, ta haɗa da hoton saƙon. Bayan sati guda aka ba ta gargaɗin ƙarshe, aka ɗauke ta daga aikin sabobi zuwa teburin amsa waya na wata shida. Bahago kuwa suka ce ba za su dawo da shi ba, tunda ya faɗi abin da ba gaskiya ba a gaban mitin.

Yayarsa ce ta yi mata kwatancen inda yake. Wani ɗan shagon gyaran waya da laftof ne a bayan kasuwa, ƙarƙashin matakala, wurin da mutum biyu ba sa tsayawa sai sun gogi juna. Ta same shi ya duƙufa kan wata waya da aka buɗe cikinta, hayaƙin dalma na tashi. Ya ƙara ramewa.

"Me ya sami wayar?" ya tambaya bai ɗago ba.

"Wani saƙo na gani a ciki."

Hannunsa ya tsaya.

"Na Alhamis," ta ce.

Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya jawo mata kujerar roba. Ba ta zauna ba.

"Me ya sa?"

"Kina gefen gadonsa. In na ce miki ke ce, ina za ki sa kanki? Kuma in an kore ki, wa zai riƙe wankin? Ni ko ina na je, hannuna zai ci da ni."

"Ka bar ni na zage ka a gaban mutane."

"Zagin bai yi zafi ba kamar yadda kika hana ni sunan."

Hawaye suka zubo mata. "Mutum ya mutu, Bahago."

"Na sani. Kullum da shi nake kwana nake tashi. Kuma kada ki ɗauke shi ke kaɗai. Ni na sauya jeri, na jefa maganar tsakanin 'kujerarki babu kowa' da 'kin ci abinci'. Abu mai nauyi haka, kira ya kamata in yi. Da safen Litinin ma da na duba da idona. Ban duba ba."

Ta zauna. Hayaniyar kasuwa na ta wucewa ta kansu.

"Ka kira ni," ta ce daga ƙarshe.

"Waƙafi."

Ta rufe fuskarta da mayafi.

Faɗa wa Abba ya fi komai wuya. Ta durƙusa a gabansa bayan ya sha maganin safe, Umma na tsaye a ƙofar kicin.

"Abba, ka ɗauka an ba mai gadi takarda da sunayen waɗanda ba za a kora ba. Sai wani ya zo ya zuba sunayen cikin ambulan-ambulan, ya rubuta sunan gida a bayan kowace. Mai gadin nan bayan ambulan kawai yake karantawa. Ni ce na ɗauki mai gadin. An ce mini in koya masa buɗe ambulan, na ce to, na manta."

Ta miƙa masa wayar. Ya sa gilashi, ya karanta a hankali yana bin kowane layi da yatsa. Ya cire gilashin ya riƙe a hannu.

"Ranar da na faɗi ce," ya ce.

"Ita ce, Abba."

"Kira mini shi."

Da yamma Bahago ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Auta ta zaci Abba zai ba shi haƙuri. Ba haka aka yi ba.

"Ƙarya ka yi," in ji Abba. "Ka tsaya gaban manya ka yi ƙarya. Ka sa na yi maka hukunci kan abin da ban sani ba, ka sa na ɗauki alhakinka ina da ƙafa ɗaya a kabari. Ka bar yarinyar nan wata uku tana yawo da abin da ba ta san tana ɗauke da shi ba. Wannan kake kira so? Gobe in wani abu ya same ku a gida, haka za ka rufe ta ka yanke shawara kai kaɗai?"

"Na yi kuskure, Baba."

"Ka yi. Tashi ka tafi, ban shirya ba."

Ya tashi ya tafi. Amma ranar Litinin da Auta ta kai Abba cibiyar, suka tarar da shi a ɗakin jira. Ya taso ya karɓi jakar Abba. Awa huɗu ana wanki yana zaune a kan ɗan benci, gefen kujerar da tsohon direban ke zama a da. Abba ya juya masa ƙeya. Laraba ma ya zo. Juma'a ma ya zo. Yana rufe shago rabin yini, ya zo ya zauna.

A sati na uku Abba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Karanta mini jaridar nan, idona ya gaji." A sati na biyar har sun fara musun ƙwallo, nas na cewa su rage murya.

Wata Juma'a ana cire masa allura, Abba ya kira su biyun.

"Akwai matar abokina," ya ce. "Kamfaninku takarda ya aika wa cibiya, ita ba wanda ya taka ƙofarta. Ku je ku biyu ku faɗa mata yadda aka yi, ba ragi ba ƙari. In kun dawo, sai a yi maganar aure."

Suka je. Ɗaki biyu ne a wani tsohon bene, hular mamacin na nan rataye a bayan ƙofa. Dattijuwar ta shimfiɗa musu tabarma, ta saurara har suka gama. Auta ce ta yi yawancin maganar. Matar ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Ranar nan da aka dawo da shi," ta ce, "ya ce mini, 'Yau na samu hutu, kawo mini shayi mai kauri.' Na hana shi saboda ruwa. Har yau abin da ke cina kenan." Ta share ido da gefen zane. "Ban san kwamfuta ba, 'ya'yana. Ban sani ba ko ku ne ko kwanansa ne ya ƙare. Ba zan ce muku babu komai ba, don akwai. Amma na yafe. Ku dai duk abin da kuka taɓa, ku tuna akwai mutum a ƙarshensa."

Da Auta ta koma gida, saƙonsa ya shigo:

"Waƙafina, daga yau ba zan ƙara ɓoye miki komai ba, mai daɗi ko mai ɗaci. Na farko: ina tsoron ba zan iya riƙe ki yadda kika cancanta ba, shagona ko kujera biyu ba ya ɗauka."

Ta mayar:

"Ɗaya ta ishe mu, Bahagona. Ka zauna, ni in tsaya ina nuna maka kuskure."

Ranar Asabar aka sa, saboda ita ce ranar da Abba ya fi samun ƙarfi. Ba a yi taro ba. A falon gidan aka ɗaura, mutum bai wuce ashirin ba: kawun ango da yayarsa, 'yan'uwan amarya, maƙwabta, da babbar nas da ta zo da kayan aikinta a jaka ko da za a buƙata. Abba ya rame sosai, rigarsa ta yi masa yawa. Da aka zo wurin da zai ba da 'yarsa, muryarsa ta shige, sai da ya maimaita sau biyu kafin na bakin ƙofa su ji.

Da baƙi suka ragu, ango da amarya suka durƙusa a gabansa. Umma na tsaye bayan kujerar tana ta goge ido da bakin mayafi.

Abba ya kamo hannun Auta, ya kamo na mijinta, ya haɗa su a kan gwiwarsa. Hannunsa ba nauyi, duk tabon allura.

"Ban san ko zan ga 'ya'yanku ba," ya ce. Auta za ta yi magana, ya girgiza kai. "Bari in gama, numfashina kaɗan ne. Kun fara da abu mai nauyi, wanda wasu sai sun tsufa suke haɗuwa da irinsa. Ba zai sauka daga kanku ba. Ku dai riƙa karɓar wa juna in wuyan ɗaya ya gaji. Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku ga alheri a junanku har ƙarshen rai."

"Amin," suka amsa gaba ɗaya.

Mota na jira a waje. Auta ta miƙe, ta kai ƙofa, ta dawo da gudu ta kifa kanta a kafaɗar mahaifinta. Ya bar ta ta yi kukanta, yana bubbuga bayanta a hankali. Can ya ɗago ido ya dubi surukinsa.

"Zo ka ɗauki matarka," ya ce, "kafin in fasa."